Ki Yaye Malamai, Ba Ɗalibai Kaɗai Ba

 Maganarmu ta wannan mako a kan wata sana'a ce wadda ba ta bukatar tukunya, ko keken ɗinki, ko farantin talla, amma ga shi wasu mata sun fara cin abinci da ita. Ita ce sana'ar koyar da shugabanci. Wato mace mai ilmi da gogewa ta tara mata goma ko ashirin a tsakar gidanta, ko a wani aji bayan yara sun tashi, ta koya musu yadda ake tsayawa gaban jama'a a yi magana ba tare da rawar murya ba, da yadda ake jan ragamar taro, da rubuta abin da aka zartar, da riƙe littafin kuɗin ƙungiya, da sasanta mata biyu da suka saɓa. Su kuma su biya ta ɗan abin da aka yanka.

Kada wata ta ce wannan ba sana'a ba ce. Ku dubi unguwarku. Akwai adashi, akwai ƙungiyar masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, akwai ta gama kai, akwai ta iyaye da malamai, akwai ta tsofaffin ɗalibai. Guda nawa ne a cikinsu suka shekara biyar ba su watse ba? In kun bincika za ku tarar yawancin waɗanda suka mutu ba rashin kuɗi ya kashe su ba. Uwar adashi ce ba ta iya lissafi ba, ko shugaba ta mai da taro wurin faɗa da gori, ko kuwa ma'aji ta haɗa kuɗin ƙungiya da na cefanenta a lalita ɗaya. Duk macen da za ta iya gyara wannan, ta cancanci a biya ta kamar yadda ake biyan tela da ungozoma.

To, ke mai wannan sana'a, da ke nake. Ajinki ya yi kyau, an yaba, matan wasu unguwanni da na ƙauyuka suna aiko miki cewa su ma suna so. Amma ke kaɗai ce. Ga girki, ga yara, ga maigida, wataƙila ma ga aikin ofis. A ce kina ɗaukar mata 20 a kowane wata uku. A shekara kin koyar da 80 ke nan, in ba ki yi ciwo ba, ba ki haihu ba, ba a yi rasuwa a dangi ba. Ko da za ki shekara goma a haka ba ki wuce mata 800 ba, alhali garinku kaɗai yana da mata dubbai. Ranar da kika kwanta kuwa, aji ya kwanta.

Masu ba da shawara za su ce miki ki buga takardun talla, ki kama babban ɗakin taro a otal, ki cika Facebook da hotunanki. Ni a ganina duk wannan sa keke ne a gaban doki, in ji masu iya magana na zamani, ko kuwa a ce gini a kan yashi. Talla tana kawo mutane ne kawai, ba ta ƙara miki baki ko hannu. In mata 200 suka amsa kiranki rana ɗaya, wa zai saurari kowacce ta tashi ta yi magana a gyara mata? Hanyar da na yarda da ita guda ɗaya ce: ki yaye mata waɗanda za su iya koyarwa ko ba kya nan. Bari in ba ku misalai biyu, ɗaya daga nesa, ɗaya daga gida.

Na nesa shi ne wani Ba'amurke mai suna Dale Carnegie, wanda aka haifa a 1888 a jihar Misuri, ɗan manomi talaka. Ya yi yawon tallan sabulu da nama na wani kamfani kafin ya koma birnin Niyu Yok. A 1912 ya je wurin ƙungiyar samari ta YMCA ya roƙi su bar shi ya riƙa koya wa ma'aikata da 'yan kasuwa iya magana da dare. Ya nemi su biya shi dala 2 a kowane dare, suka ƙi, don ba su ga alamar abin zai yi kasuwa ba. Sai aka shirya a kan su ba shi ɗaki, a raba abin da aka samu. Kafin shekara uku rabonsa ya kai dala 30 a dare.

Abin da ya bambanta ajinsa da na sauran shi ne bai cika lacca ba. Kowane ɗalibi sai ya miƙe ya yi magana a kowane zama, komai jin kunyarsa. Wannan ne ya sa ajin ya yi suna, har ya kai wasu biranen Amurka, da Landan da Paris. Amma kuma wannan ne ya sa ba zai yiwu a cusa mutum ɗari biyar a aji ɗaya ba. Don haka dole ya horar da wasu malamai su riƙa koyarwa bisa tsarinsa. Daga baya wani ma'aikacin kamfanin buga littattafai, Leon Shimkin, ya shiga ajin, ya lallashe shi ya yarda a sa mai saurin rubutu ya riƙa ɗaukar abin da yake faɗa. Daga nan aka sami littafinsa na 1936 a kan yadda ake samun abokai da shawo kan mutane, wanda aka sayar da miliyoyinsa.

Ga inda abin ya shafe mu mu mata. Carnegie ya mutu a 1955. Da a ce sana'ar a bakinsa kaɗai take, da an binne su tare. Matarsa Dorothy, wadda ita ma da fari ɗaliba ce a ajin kafin su yi aure a 1944, ita ta karɓi ragamar kamfanin. Ta riƙe tsarin ba wa mutane izini su buɗe ajin a garuruwansu da malaman da aka horar aka gwada, ta kuma faɗaɗa shi zuwa ƙasashen waje. Yau shekaru fiye da 110 ke nan da fara ajin nan a ɗakin aro, kuma har yanzu ana koyar da shi a ƙasashe masu yawa cikin harsuna daban-daban.

Misali na biyu kuwa ya riga na farko da kusan shekara tamanin, kuma a ƙasarmu aka yi shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta fuskanci irin matsalar nan taki. Ita tana Sakkwato, matan da ke bukatar ilmi suna warwatse a ƙauyuka, yawancinsu matan aure ne masu goyo waɗanda ba za su iya barin gida ba. Ba ta ce sai kowacce ta zo gabanta ba. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwan, ta koyar da su, ta naɗa kowacce a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle don kowa ya san da izini take magana. Jaji ce ke jagorantar ayarin 'yan mata ƙanana da tsofaffi zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su isar wa waɗanda ke cikin gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Karatun kuma ta tsara shi cikin waƙoƙi, da Fulatanci da Hausa, yadda mace za ta haddace ta riƙa maimaitawa tana daka ko kaɗi. Da ta rasu a 1864 aikin bai tsaya ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi.

Na san Nana ba ciniki take yi ba, don Allah take yi. Amma dabarar ɗaya ce da ta Baturen nan: a tsara karatu yadda wani zai iya ɗauka, a zaɓi mutanen kirki a horar da su, a ba su alamar izini, a sake su. Wanda ya yi don kuɗi da wadda ta yi don lada duk a kan wannan hanya suka haɗu. To ke me zai hana ki?

Abu na farko, ki fitar da karatun daga kanki ki sa shi a takarda. Yawancinmu abin da muka sani yana cikin ƙwaƙwalwa ne, yau mu faɗi wannan gobe mu faɗi wancan, gwargwadon yadda muka tashi. Wannan ba ya gaduwa. Ki sayi littafin rubutu, ki raba karatunki zama-zama. Zama na ɗaya, kowacce ta tashi ta gabatar da kanta cikin minti biyu. Zama na biyu, yadda ake buɗe taro da rufe shi. Na uku, littafin shiga da fitar kuɗi. Haka har ƙarshe. A ƙarƙashin kowane zama ki rubuta abin da malama za ta faɗa, da abin da ɗalibai za su yi da kansu, da yadda za a gane sun iya. In rubutu yana ba ki wuya, ki sa 'yarki ko ƙanwarki ta zauna a bayan aji tana rubutawa, ko ki ɗauki muryarki a waya a kwafe daga baya. Kuma ki rubuta da harshen da matan ke ji. Turancin da ba a fahimta ba ya ƙara wa karatu daraja, kunya kawai yake ƙara wa ɗaliba.

Abu na biyu, zaɓen waɗanda za ki yaye. Kada ki ɗauki mace don ta fi kowa zaƙin baki, ko don 'yar uwarki ce, ko don mijinta mai hali ne. Ki duba wadda ke zuwa a kan lokaci, wadda in wata ta yi kuskure ba ta dariya, wadda in aka ba ta ajiyar naira ɗari za ta dawo da naira ɗari. Mai surutu takan cinye lokacin aji ita kaɗai, alhali aikin malama a nan shi ne ta sa wasu su yi magana. Ki fara da biyu ko uku. Su sake zama a ajinki karo na biyu a matsayin mataimaka. A karo na uku su koyar kina zaune kina kallo, ki yi shiru ko da bakinki na ƙaiƙayi, sai an tashi ki gyara musu a keɓe. Sai kin gamsu sannan ki ba su aji nasu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In kika yaye mata biyar a haka, kowacce tana koyar da 80 a shekara, kin ga 400 ke nan ban da naki, kuma ba ki taka ƙofar gida fiye da yadda kika saba ba.

Abu na uku, kada ki yi gaggawar kama hayar ofis. Kuɗin haya da na kujeru da na janareta sun kashe ƙananan sana'o'i da yawa tun ba su yi rarrafe ba. Ki tuna Carnegie da ɗakin aro ya fara. Makarantun unguwa ajujuwansu a rufe suke da yamma da ranakun hutu. Ki je wurin hedimasta ko mai makarantar ku shirya, ko dai ki ba su wani kaso, ko ki koyar da shugabannin ɗalibansu kyauta a madadin haya. Haka kuma ya fi miki sauƙi ki nemi ƙungiya sukutum da ki riƙa bin mata ɗaya-ɗaya. Matar aure ba kullum take da rarar kuɗi a hannu ba, amma ƙungiyar mata 40 za ta iya cire kuɗin horar da shugabarta da sakatariya da ma'aji daga asusunta, don ita za ta fara cin amfanin. In ukun nan suka koma aka ga taro ya daidaita, lissafi ya fito fili, ƙungiyar da ke maƙwabtaka da su da kanta za ta aiko. Gani ya kori ji.

Abu na huɗu, rediyo da waya. Ban ce ki guje su ba. Mata da yawa da ba su karanta jarida suna jin rediyo suna aiki, kuma saƙon murya na WhatsApp yana isa ɗakin da ke ba za ki taɓa shiga ba. Ki yi amfani da su wajen shela, da tunatar da ɗalibai abin da aka yi a aji, da amsa tambayoyin malaman da kika yaye a garuruwa masu nisa. Amma ki sani ba a koyon iyo a kan tudu. Macen da ta saurari muryarki sau ɗari ba ta koyi tsayawa gaban mutane ba sai ranar da ta tsaya, gwiwarta ta yi sanyi, ta daure ta gama. Wannan kuwa sai a aji, gaban 'yan uwanta.

Abu na biyar, ki gyara takardunki tun abin yana ƙarami. Ki yi rajistar sunan sana'arki a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki buɗe mata asusun banki dabam da naki. Makarantu da manyan ƙungiyoyi ba sa son biyan kuɗi cikin asusun mutum, sukan nemi rasit mai suna. Tsakaninki da malaman da kika yaye kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne kasonta, nawa ne naki, wace unguwa ce tata, me zai sa a karɓe izini. Kada kunya ta hana ki. Zumuncin da aka gina a kan "ai mun fahimci juna" shi ne yakan ƙare a gaban mai unguwa. Kuma abin kunya ne mai koya wa mata riƙon littafin kuɗi a tarar nata littafin a hargitse.

Yanzu bari mu zo ga abin da na san yana cin zuciyarki. Za ki ce, in na koya musu duk sirrina, gobe su ɓalle su buɗe nasu, su kwashe mini ɗalibai fa? Gaskiya ne, wata za ta yi haka. Ba na yi miki alkawarin ba za a yi ba. Amma ki auna. Wadda ta ɓoye iliminta don tsoron kishiya, mata 80 ɗin nan dai su ne nata har ta tsufa. Wadda ta yaye biyar, ko biyu sun tafi, tana da uku, kuma su biyun da suka tafi duk inda suka je za a ce ɗaliban wance ne. Yawanci ma abin da ke korar mataimaka rowa ce da rashin girmamawa. In kina ba su kasonsu a kan lokaci, kina ambaton sunansu a gaban jama'a, kina kawo musu sabon abu duk shekara, zama da ke zai fi musu riba. Sannan ki tambayi kanki, wace irin malamar shugabanci ce ba ta son ganin ɗalibarta ta zama shugaba?

Tsoro na biyu ya fi wannan ƙarfi, shi ne lalacewar karatu. Miyar da aka yi wa mutum goma, in aka ce sai ta ishi ɗari, ruwa ake ƙara mata. Maganin wannan shi ne ki ƙayyade yawan ɗalibai a kowane aji, kada a wuce yadda kowacce za ta sami damar magana. Ki riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba. Ki tara malamanki duk bayan wata uku ku zauna ku ji matsalolin juna. Wadda ta mai da aji wurin tallan atamfa da turare, ko ta fara rage zama tana karɓar cikakken kuɗi, ki ja mata kunne sau ɗaya, in ta sake ki karɓe izininki. Gara ki tsaya a garuruwa uku da suna mai kyau da ki bazu a goma ana zaginki.

A nan ne zan yi kashedi a kan cinikin satifiket. Mun sha ganin irin taron da ake kira na horar da shugabanni, a tara mata yini guda, a yi musu jawabi da Turanci, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowacce takarda mai zanen zinariya. Ta koma gida ko sanarwar suna ba ta iya yi a gaban mata goma. Wannan hanya tana kawo kuɗi da sauri, shi ya sa take da jan hankali ga mai son ta faɗaɗa. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Malfar jaji ba a kasuwa ake sayenta ba, sai wadda ta cancanta ake ɗora wa. Takardarki ma ta zama haka.

Ku kuma matan aure da za ku biya kuɗinku ku shiga irin wannan aji, ku yi tambaya kafin ku kwance bakin zane. Zama nawa za a yi? Mu nawa ne a aji? Zan tashi in yi magana da kaina, ko sauraro kawai zan yi? Wa ya koyar da malamar, kuma ina matan da ta koyar a baya? In an kasa amsa muku, ku riƙe kuɗinku. In kuwa ajin na kirki ne, ku yi wa maigida bayani da kyau, ku nuna masa lokacin zuwa da na dawowa. Macen da ta iya sasanta rigimar ƙungiya da tsara kuɗinta, gidanta ne zai fara ganin canji.

'Yan matanmu na makaranta, ku ma ban manta da ku ba. Kada ku ɗauka shugabanci sai an girma an yi aure. Monita a aji, da shugabar ɗalibai, da mai kula da ɗakin kwana, da ƙungiyar muhawara, duk makarantar shugabanci ce wadda ba a biyan ko kwabo. In malama ta ce wa zai fito, ki ɗaga hannu ko da zuciyarki na bugawa. In kina aji na ƙarshe kuma kina riƙe da wani muƙami, ki jawo wata ta ajin ƙasa ki nuna mata yadda ake yi tun kafin ki fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mahaifiyarki ko yayarki na da irin wannan aji, ki zama mai rubuta mata, domin mai rubutu a bayan aji takan fi kowa ɗaukar karatu.

Daga ƙarshe, 'yar uwa mai wannan sana'a, ga aikin da zan bar miki kafin mu sake saduwa. Ki zauna daren yau bayan yara sun yi barci, ki rubuta sunayen mata uku daga cikin ɗalibanki waɗanda kike jin za ki iya bar musu aji ki tafi unguwa hankalinki kwance. In kin samu, ki kira su cikin makon nan. In ba ki samu ko ɗaya ba, to kada ki buga takardar talla tukuna, aikinki na wata uku masu zuwa shi ne ki samar da su.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zuri'a mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.